Yadda ake yanka doguwar ɗaukar bita zuwa waƙa-waƙa

Kowace Asabar bayan la'asar muke haɗuwa bita a zauren gidan jagoranmu. Mu bakwai ne: shi mai waƙa, 'yan amshi uku, mai kalangu, mai kuntuku, sai ni da fiyano. Ana ɗora waya a kan kujera a danna ɗauka, ba a sake waiwayarta sai an tashi bayan isha'i. Abin da ke fitowa fayil ɗaya ne na kusan awa uku, kuma a cikinsa akwai waƙoƙi tara ko goma, da gardamar inda amshi zai shigo, da ƙarar babur, da tazarar sallar magariba, da mai shayi yana tambayar wa bai sha ba. Watanni muka yi muna tura wannan fayil ɗungurungum a zauren WhatsApp. Ba wanda ke saurara. Ɗan amshin da yake son jin inda ya kuskure a waƙa ta shida ba zai zauna yana jan layi gaba da baya a kan waya ba, sai ya haƙura, mako ya zagayo a maimaita kuskuren. Da na fara yanka ɗaukar ina tura kowace waƙa da sunanta, bitar ta fara amfani.

Aikin ba shi da wuya. Abin da yake buƙata shi ne kunne da ɗan tsari, kuma rabin tsarin a ɗakin bita ake yin sa.

Tun a wurin ɗauka

Tun ran gini tun ran zane. Kafin a fara kowace waƙa, mutum ɗaya ya matso kusa da wayar ya faɗi sunan waƙar da ƙarfi, ya ce karo na nawa ne, sannan ya yi tafi uku a jere, a yi shiru na daƙiƙa uku kafin gula ta taɓa fata. Tafin nan uku zai fito a zanen sauti, wato hoton ɗaukar da manhajar gyara ke nunawa a allon kwamfuta, kamar tsinke uku a tsaye, ana hango su tun daga nesa ba sai an kunna ba. In waƙa ta ƙare, a sake yin shiru kaɗan kafin a ɓarke da magana. Wannan na biyun ya fi wuyar sabawa, domin da an sauke kari kowa bakinsa cike yake da gyara. Mu sai da jagora ya riƙa ɗaga hannu har na tsawon wata guda kafin abin ya zauna.

Wanda ba ya kiɗa a lokacin ya riƙe takarda da biro, yana duba agogon ɗaukar yana rubutawa: minti 12 an fara kaza, minti 19 an tsaya, karo na biyu ya fi kyau. Ko layi goma ne kawai, za su rage maka awa guda a gaban kwamfuta.

A sa wayar a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya yana iya katse ɗauka. A nisanta ta da bakin kalangu da lasifikar fiyano, a kusanto da ita wajen masu murya. In sauti ya yi wa makirfo yawa har ya fashe, babu manhajar da za ta dawo maka da shi daidai, amma wanda ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya.

Girman fayil, da kwafin da ba a taɓawa

In da na'urar ɗauka kake aiki, irin su Zoom H1n, ko manhajar waya mai ɗauka da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, lissafin girman a bayyane yake. WAV mai ingancin faifan CD, wato 44.1 kHz da bit 16 a kunne biyu (sitiriyo), yana cin kusan MB 10 a kowane minti. Awa uku ta kusa GB 2 ke nan. Na'urorin Zoom sukan buɗe sabon fayil da kansu idan na farko ya kai GB 2, don haka kada ka firgita in ka tarar da bita ɗaya ta rabu biyu, sau da yawa ma a tsakiyar waƙa. MP3 mai 128 kbps kuwa kusan MB 1 ne a minti. Yawancin wayoyi da M4A suke ɗauka, shi ma ƙarami ne.

Da ka dawo gida, ka buɗe folda mai kwanan watan bitar, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-15. Haka kwamfuta za ta jera maka su bi da bi ba tare da Maris ya tsallake Fabrairu ba. A cikinta ka yi folda biyu, ɗaya "asali" ɗaya "yankakku". Ka kwafi ɗaukar daga waya ko katin memori da igiyar caji ka zuba a "asali", kuma kada ka goge ta wayar sai ka kunna ta kwamfutar ka ji farkonta da ƙarshenta. Na taɓa rasa minti arba'in na ƙarshen wata bita saboda wuta ta ɗauke ana cikin kwafi, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa, ni kuwa na share na katin ban duba ba. A cikin abin da ya tafi akwai sabon gindin waƙa da mai waƙarmu ya ƙirƙira nan take, washegari ya neme shi a ransa bai same shi yadda ya fito ba.

Shigar da sauti a Audacity

Audacity, manhajar gyaran sauti ta kwamfuta, nake amfani da ita. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana nan tun shekarar 2000, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ba ta da ta waya, don haka duk abin da ka gani a shagon manhajoji na waya da wannan suna ba nata ba ne.

Ka buɗe ta ka jawo fayil ɗin da linzami ka saki a tsakiyar tagarta. WAV da MP3 suna shiga kai tsaye. In M4A ne ta ƙi karɓa, tana neman ƙarin wani abu mai suna FFmpeg, wanda ake sakawa sau ɗaya a huta. Shafin Audacity ya nuna inda ake sauke shi. In ɗaukar ta rabu biyu, ka shigar da duka, ka zaɓe su, ka shiga Tracks, sai Align Tracks, sai Align End to End, za su haɗu baki da baki.

Nan da nan ka adana aikin da Ctrl+S. Tun daga fitowa ta 3.0 a 2021, aikin Audacity fayil ɗaya ne mai ƙarewa da aup3, kuma yana da nauyi: bitar awa uku mai kunne biyu za ta ci wajen GB 4, tana ƙaruwa da kowane gyara. Ka tabbatar akwai fili. Ka ajiye shi a cikin kwamfutar kanta, domin Audacity ba ta yarda ta adana aiki a filas mai tsarin FAT ba, wanda kuwa shi ne tsarin yawancin ƙananan filas da ke kasuwa.

Danna Ctrl+F, duk awa ukun za su shigo allo ɗaya. Tsaya ka kalle su kafin ka taɓa komai. Inda zanen ya yi kauri ya cika layi, kiɗa ne. Inda ya yi siriri da ɗan tsalle-tsalle, hira ce. Dogon layi shimfiɗaɗɗe a wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar, a tamu ɗaukar, sallar magariba ce, kuma da ita nake gane inda nake. Ctrl+1 yana kusanto da zanen, Ctrl+3 yana nisanta shi, dogon madannin tazara yana kunnawa yana tsayarwa.

Sa alama, inda aikin yake

Ba almakashi za ka sa wa sautin ba. Alama za ka riƙa ɗorawa a ƙarƙashinsa, a ƙarshe manhajar ta fitar da kowane yanki daban, ɗaukar kuma tana nan yadda take.

Alamar iri biyu ce, kuma bambancinsu ne yake rikita masu farawa. In ka danna wuri ɗaya a zanen ka buga Ctrl+B, ka sa alamar ɗigo: wajen fitarwa, yankin zai kama daga wannan ɗigo har zuwa na gaba, da duk hirar da ke tsakani. In kuwa ka ja linzami daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, wurin ya haskaka, sannan ka buga Ctrl+B, ka sa alama mai baki biyu, kuma abin da ke tsakanin bakunan nan kaɗai za a fitar. Alamar ɗigo ta dace da faifan da waƙoƙi ke bin juna ba surutu. A bita, mai baki biyu za ka yi amfani da ita.

Ga yadda nake bi. Da takardar lokuta a gefena da belun kunne a kaina, nakan je minti na farko da aka rubuta, in nemo tsinken tafi uku, in kusanto da zanen har in ga bugun farko. Daga nan nakan koma baya daƙiƙa ɗaya ko biyu in danna. Sai in nisanta zanen, in je inda kaurin ya ƙare, in saurari daƙiƙa goma na ƙarshe, in riƙe Shift in danna bayan amon ƙarshe ya mutu gaba ɗaya. Yankin ya haskaka, Ctrl+B, in rubuta suna, in buga Enter. Ta gaba.

Ina ne farkon waƙa? Wannan tambaya ta fi yadda ake zato nauyi a kiɗanmu. Sau da yawa mai waƙa yakan buɗe da murya zalla, ya yi bisimilla da salati ko ya ja dogon ɗango shi kaɗai kafin kalangu ya shigo. Wani lokaci sanƙira ne zai fara da kirari. A zanen sauti waɗannan sirara ne, kamanninsu ɗaya da hira, kuma wanda ya bi ido kawai zai yanke su ya fara daga inda ganga ta faɗo. Ya cire wa waƙar kai ke nan, kuma ya cire ainihin abin da 'yan amshi ke buƙata, domin daga muryar jagora suke ɗaukar sautin da za su karɓa da shi. Haka ma ƙirgen da mai fiyano ke yi kafin a shiga, ni ina barin sa a fayil ɗin bita, saboda da shi mai koyo a gida yake kama saurin karin. A ƙarshen waƙa kuma kada ka yi rowar daƙiƙa. Mai kalangu yakan matse tsarkiya ya saki a bugun ƙarshe, amon ya yi ƙasa a hankali. In ka datse shi a tsakiya, kunne yana jin an ƙwace masa wani abu.

Waƙar da aka yi sau uku, kowane karo da alamarsa. Wadda aka fara aka tsaya bayan daƙiƙa ashirin, a bar ta, sai fa in a nan ne aka yi wani sabon abu. Kada kuma ka zubar da hirar gyara gaba ɗaya. Minti biyun da jagora ya tsaya yana rera wa 'yan amshi yadda yake son a karɓa, yana maimaitawa a hankali, sau da yawa sun fi waƙar kanta amfani a wannan makon. Nakan ba su tasu alamar in sa musu suna "gyaran amshi". Abin da ya shafi sirrin mutane kuwa, maganar kuɗin biki ko ta iyali da ta shigo ana ɗauka, ba ya fita daga folda ta asali.

In ba a rubuta lokuta ba, ka kunna ɗaukar ka riƙa tsallakawa, duk inda ka ji an shiga waƙa ka buga Ctrl+M, wanda ke sa alama a daidai inda sauti yake tafiya ba tare da an tsaya ba. Daga baya ka dawo ka ja bakin kowace alama da linzami ka buɗe ta zuwa ƙarshen waƙar.

Sunan da ka rubuta a alama shi zai zama sunan fayil, don haka ka rubuta shi yadda wanda zai gani bayan shekara zai gane: sunan waƙa, karo na nawa, da kalma ɗaya ta hukunci in akwai, kamar "karo2 mafi kyau". Windows ba ta karɓar alamar tambaya, da ɗigo biyu, da tauraro, da karkatacciyar sanda a sunan fayil. Haruffanmu masu ƙugiya kwamfuta da waya suna karanta su, amma rediyon mota da ƙananan lasifikokin da ake sa wa memori sukan nuna akwati a madadinsu, shi ya sa a sunan fayil kaɗai nake rubuta k da d da b zalla.

Me ya sa ba a bar wa na'ura ba

Akwai hanyar da manhajar ke nemo waƙoƙin da kanta. Ka zaɓi duka da Ctrl+A, ka shiga Analyze, ka danna Label Sounds. Za ta tambaye ka abu uku masu muhimmanci: ƙasa da wane ƙarfi za ta ɗauka shiru ne, shirun ya kai tsawon nawa, kuma mafi gajartar yanki nawa ne. Takan zo da -30 dB a ma'aunin ƙarfin sauti, da shiru na daƙiƙa ɗaya. In ka bar ta haka a kan ɗaukar bita, za ta ba ka alamomi ɗari da wani abu. Ka gwada shiru na daƙiƙa uku, mafi gajartar yanki minti ɗaya, sannan ka riƙa motsa lambar ƙarfin: in ta haɗe waƙoƙi da hira wuri ɗaya, ka matsa zuwa -25 ko -20; in tana yanka a tsakiyar waƙa, ka koma -35. Ctrl+Z yana share gwajin da bai yi ba.

Ina amfani da ita, amma a matsayin ɗan aike mai nuna unguwa, ba mai nuna gida ba. Ɗakin bitarmu ba ya shiru. Janareto na ruri a waje, fanka na juyawa, mai kuntuku ba ya iya zama hannunsa bai taɓa fata ba. A ɗaya gefen kuma, waƙar da kiɗa ke ɗaukewa cak a bar jagora ya numfasa kafin amshi ya faɗo, na'ura za ta ce ta ƙare. Masu bege da mandiri da mata masu kiɗan ƙwarya za su fi shan wannan matsala, domin sukan zarce daga wata waƙa zuwa wata ba tare da kiɗan ya tsaya ba, kari ne kawai ke juyawa. A nan sai wanda ya san waƙoƙin. Duk alamar da na'ura ta sa, ka saurari bakinta na farko da na ƙarshe ka gyara da hannu.

Ɗan gyara kafin fitarwa

Ɗaukar bita ba faifan sayarwa ba ce, kada ka kwana kana wanke ta. Abu biyu sun isa. Na farko, ka danna alamar kowace waƙa yankinta ya haskaka, ka shiga Effect ka zaɓi Normalize a kan -1 dB, don waƙar da aka yi a hankali ta ji a lasifikar waya. Waƙa-waƙa za ka yi, domin in ka yi wa duka lokaci ɗaya, tafin nan mai ƙarfi zai hana sauran tashi. Na biyu, inda hira ta faɗo kan ƙarshen waƙa, ka zaɓi daƙiƙa ɗaya ta ƙarshe ka sa Fade Out, sautin ya sauka a hankali. In kana jin "ƙas" a bakin yanka, ka zaɓi yankin ka buga Z kafin ka sa alama, zai matsar da bakin zuwa inda igiyar sauti ta ratsa sifili.

In akwai gunjin wutar lantarki a ƙarƙashin komai, wutarmu a Najeriya da Nijar 50 Hz ce, Notch Filter a kan wannan lamba yakan rage shi. Manyan matatun cire hayaniya kuwa ina gudunsu, suna cinye ƙasan ganga su bar murya kamar daga cikin rijiya.

Fitarwa

Shiga File ka danna Export Audio. A fitowa ta 3.4 zuwa sama, a tagar da ta buɗe za ka zaɓi Multiple Files, sannan a wajen rabawa ka zaɓi Labels. A tsofaffin fitowa sunan abin Export Multiple. Ka nuna mata folda ta "yankakku". Akwai wani akwati da ke tambaya ko a haɗa da sautin da ke gaban alamar farko, ka bar shi babu maki. A wajen suna ka zaɓi wanda ke sa lamba a gaban sunan alama, fayilolin su fito 01, 02, 03 yadda aka yi su a ɗaki.

Don rabawa, MP3 mai 128 kbps ya wadatar. Waƙar minti bakwai ba za ta kai MB 7 ba, mai ƙaramin data ma zai sauke. In da makirfo ɗaya aka ɗauka, ka fitar da kunne ɗaya a kan 96 kbps, ba wanda zai ji bambanci. Karon da ya yi kyau har kuna tunanin kai shi sitidiyo a matsayin abin koyi, ka sake fitar da shi da WAV ka ajiye. A wajen bayanan fayil ka rubuta sunan ƙungiya a gurbin mawaƙi, kwanan bitar a gurbin sunan faifai, wayar kowa za ta tara su wuri ɗaya.

Saura abu ɗaya da mutane ke mantawa: ka fitar da alamomin su ma, ta Export Labels da ke ƙarƙashin File. Ƙaramin fayil ne na rubutu, kowane layi da daƙiƙar farawa, da ta ƙarewa, da suna. Ka ajiye shi kusa da asali. Da shi za ka iya goge katon aikin aup3 ka sami fili, ran da aka ce a sake fitar da waƙa ta huɗu sai ka shigar da asali da alamomin, komai ya dawo inda yake.

In asalin MP3 ne ko M4A

Irin waɗannan fayiloli an riga an matse su. In ka buɗe su a Audacity ka sake fitarwa da MP3, matsa ta biyu ke nan, inganci ya ɗan ragu. Ga bita wannan ba abin damuwa ba ne, musamman in ka fitar a kan 160 ko 192 kbps. Amma in kana son yankan da bai taɓa ingancin ba, akwai mp3DirectCut a Windows da LosslessCut, suna yanka ba tare da sake matsawa ba. Wanda ya saba da rubuta umarni kuma, layi ɗaya na FFmpeg ya isa:

ffmpeg -ss 00:12:40 -to 00:19:05 -i bita.m4a -c copy waka01.m4a

Lokacin farko farawa ne, na biyu tsayawa, "copy" kuma shi ke hana sake matsawa. Cikin ƙiftawar ido yake gamawa. Ba za ka iya ɗaga murya ko sassauta ƙarshe ta wannan hanya ba, yanka ne zalla.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya yi a waya da manhajoji irin su WaveEditor ko Lexis Audio Editor: ka zaɓi yanki, ka adana shi da sabon suna, ka koma asali ka zaɓi na gaba. Ka kula sosai kada ka danna adanawa a kan asalin. Fayil ɗin awa uku yakan yi wa ƙaramar waya nauyi, don haka in ka san a waya za ka yanka, gara a riƙa tsayar da ɗauka ana sabuntawa bayan kowace waƙa biyu ko uku, ko aƙalla a lokacin sallah.

Kafin ka tura, ka kunna kowane fayil a wayarka, ba a belun kunne ba, ka ji daƙiƙa biyar na farko da biyar na ƙarshe, ka tabbatar sunan ya dace da abin da ke ciki. A WhatsApp ka tura su a matsayin takarda, wato ta Document, don sunan fayil ya bayyana kuma ya isa yadda ka fitar da shi. Ka jera su bisa lamba, a ƙarƙashin kowace ka rubuta layi ɗaya: wannan ce za a yi a bikin Juma'a, 'yan amshi ku saurari minti na uku. Ni a daren Asabar ɗin nake yi, tun ina tuna wane karo ne jagora ya gyaɗa kai, kuma da takardar lokuta a hannu bitar awa uku ba ta wuce mini minti arba'in.